Shayin da Na Kai Zuru

Yau wata biyu ke nan da dawowata daga Zuru, kuma babu ranar da za a tashi karatu a makarantar nan ɗayarku ba ta tare ni a bakin zaure ba. "Inna Hajo, yaya Zuru? Da gaske a kan dutse suke noma? Me kika ci?" Ni kuma in ce lafiya lau, in ja mayafina in wuce. Hajiya Kulu har cewa ta yi na je ƙasar sojoji na koyo rowar baki. To, yau Malama ba ta zo ba, sai ku gyara zama. Ke kuma Hajiya Kulu matso kusa, don ƙarshen labarin naki ne.

Kun san ɗiyata ta fari, wadda ba na kama sunanta, Laraba nake ce mata. Kun san mijinta, Malam Yakubu, malamin makarantar boko da aka turo nan Jega ya gan ta ya aura, daga baya aka mayar da shi garinsu. Haihuwarta ta fari mace ce, a ɗakina ta yi jego. Ta biyun ce ta same ta can Dabai, kusa da Zuru. Ranar wata Laraba direban motar kasuwa ya kawo mini takarda daga surukin nawa. Ni da na yi yaƙi da jahilci ba na ba kowa karatun wasiƙata, na zauna na haɗa baƙaƙen da kaina. An sami ɗa namiji ranar Asabar. Asabar mai zuwa za a raɗa suna da asuba, da hantsi kuma za a yi shayi.

Na yi dariya ni kaɗai. Na ce su mutanen Zuru ashe ba fura ba kunu, shayi suke ba baƙi ranar suna kamar Larabawa. Don kada a ce uwar mai jego ta zo hannu rabbana, na shiga kasuwa na sayi sukari kwano guda, da gwangwanin madara babba, da ganyen shayi, na haɗa da kanwa da yajin jego, na ɗaure a buhu.

Juma'a da sassafe na shiga motar Koko. Wannan hanya kun san ta, ba abin faɗi, sai wani mai albasa da ya yi barci a kafaɗata tun daga Jega, na ture shi ya fi sau goma, da muka isa kuma ya ce mini, "Hajiya, kin cika motsi." A tashar Koko na sayi soyayyen kifi na ci a tsaye. Motar Zuru kuwa wata tsohuwa ce mai cin mutum bakwai, aka cusa mu goma sha ɗaya, ban da kaji. Direban, wani dogo mai haƙorin goro, ya ce kafin la'asar muna Dabai in Allah ya so. Da na ga yadda ya jaddada "in Allah ya so" ɗin, na san akwai magana.

Kusa da ni wata matar soja ce, Rahila, Kirista, 'yar Zuru, tana dawowa daga bariki da jariri a cinya. Da ta ji harshena ta ce, "Mama, ke ta ƙasar munka-sunka ce ko?" Na ce, "Ni ce. Ku kuma ku ne masu cewa matata ya zo." Ta yi dariya har ta buge kanta da rufin mota. Na ce mata Badakkara, ta ce su a bakinsu Lelna suke, Hausawa ne suka laƙa musu wancan. Na ce to na tuba. Daga nan muka zama ɗaya, ta ba ni dafaffiyar gyaɗa, na ba ta sauran kifina.

Mun bar kwalta da kamar awa guda, mota na tsalle a ramuka, buhuna ya kwance sukari ya fara zuba. Rahila ta taya ni ɗaurewa, ta ce wannan uban sukari fa? Na ce na suna ne, ai na ji ku shayi kuke yi. Na ciro takardar na nuna mata, ina taƙama. Ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa, sai ta kwashe da dariya har da hawaye.

"Mama, ba shayin sha ba ne. Shayin yaro ne. Kaciya."

Na ce, "Wace irin kaciya, ɗan kwana bakwai?"

Ta ce ai su haka suke yi yanzu, da Kirista da Musulmi, da na gari da na kan tudu. Duk namijin da aka haifa, sati ɗaya ko biyu a kai shi asibiti a yi masa, ya warke tare da cibiya. Ta buɗe zanen ɗanta ta nuna mini, ga shi ya warke sumul. Ta ce kakanninsu ba haka suka yi ba, zaman bariki da zuwan asibiti ne suka kawo, su kuma masu zuwa coci sun ga kwana takwas a littafinsu. Wani tsoho a gaba ya juyo ya ce ai ya fi, ba kuka ba guje-guje. Mota ta ɗauki musu, wani ya ce gara irin namu, a bari yaro ya kai shekara bakwai, a tara su lokacin sanyi, wanzami ya zo, a ba su kaji su ci. Kowa na faɗin nasa. Ni kuwa tun da ta ce kaciya ban ƙara jin abin da suke faɗi ba.

Yanzu sai in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa a garin nan ba. Tsofaffin cikinku kun tuna ɗana Nasiru, ƙanen Laraba, namijin da Allah ya ba ni guda ɗaya. Kun san ya rasu yana shekara bakwai, aka ce zazzaɓi. Ba zazzaɓi ba ne. Su shida aka yi wa kaciya rana ɗaya, biyar suka warke, nawa jini ya ƙi tsayawa. An sa garin magani, an sa toka, an yi tofi, wanzami ya dawo sau uku har yana kuka, shi da ya shekara talatin yana aikin. Kwana uku ina canza tsumma. Ran na huɗu ya ce mini, "Inna, sanyi nake ji," shi ke nan.

Bayan an yi bakwai, mahaifiyata ta kira ni ƙuryar ɗaki. Ta ce haka ƙanenta ya tafi, haka wana ya tafi tun ina goye, ga shi ya zo kan ɗana. Ta ce jinin mazan ɗakinmu ba ya tsayawa, mata ke ɗauke da abin, maza ke mutuwa da shi. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Kina da 'ya'ya mata uku. In maganar nan ta fita, ba mai auren su. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na riƙe shekara ashirin. Da takarda ta ce an sami namiji gabana ya faɗi, amma na ce wa raina ina da shekara bakwai da zan nemi bakin gaya wa Laraba. Ashe kwana ɗaya gare ni.

Na ce da Rahila ina so in yi magana da surukina yanzu-yanzu, ga lambar wayarsa a ƙasan takarda. Ta ciro wayarta, ta ɗaga sama, ta ce babu sabis, sai mun kusa Zuru. Ta ga fuskata ta daina dariya.

Ana haka muka iso wani rafi da ruwa ya cinye gadarsa, motoci na bi ta gefe cikin laka. Nan ne iyaka a wurina, don daga tsallaken ne na fara jin ana yare ana nuna tuddai. Aka ce kowa ya sauka. Maza suka tura, mu mata muka tattare zane muka ratsa, takalmina ɗaya ya tafi da ruwa. Motar ta fita, ta yi tafiya kaɗan, sai muka ji ƙaras, ta durƙusa gefe guda kamar raƙumi. Direba ya leƙa ƙasa ya ce sifirin ya karye, sai an kai wa mai walda a Mahuta. Muka taka da ƙafa muka shiga Mahuta rana na faɗuwa, ni da takalmi ɗaya.

Na bi 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Kowa ya ce, "Hajiya, bayan magariba ba mai bin hanyar nan, akwai mutanen daji. Ki bari sai asuba." Rahila ta hau kan suri da wayarta tana juyawa gabas da yamma, ba ta sami sabis ba. Sai ta ce in zo mu sauka gidan gwaggonta.

Ni da ban taɓa kwana gidan da ba na Musulmi ba, na shiga ina ɗari-ɗari. Tsohuwar gidan ba ta da Hausa sosai, amma ta kawo mini ruwa a buta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kama kafaɗata ta juya ni ta ce, "Gabas ya nan." Aka kawo wani abu ja a ƙwarya, na shinshina, na ajiye a hankali. Rahila ta ce, "Mama, kunun jar dawa ne, ba burkutu ba. Wa zai ba ki giya?" Kunya ta kama ni, na shanye tas, kuma wallahi ya fi namu kauri. Tuwon ma na jar dawa ne da miyar yakuwa da gyaɗa, tsohuwar ta nuna mini tukunyar don in ga ba nama a ciki. Ina ci hawaye na zuba. Rahila ta tambaye ni dalili. Na dai ce mata kada a taɓa yaron nan kafin in iso. Ba ta matsa ba. Ta ce, "To, za ki iso."

Ita ta samo mai kabu-kabu, muna idar da sallar asuba yana ƙofar gida. Tsohuwar ta ba ni silifas ɗinta. Rahila ta ɗaura mini buhun a baya kamar goyo, ta ce ita za ta jira mota. Ko gidansu ban tambaya ba, har yau abin na damuna.

Kun san ni da babur, ko cikin gari ba na hawa. Ran nan na riƙe rigar bawan Allahn nan ina ce masa ƙara wuta. Ya ce, "Hajiya, ke ce fa ɗazu kike salati." Muka wuce mata da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, muka wuce gonakin dawa har kan duwatsu. Sau biyu muna faɗuwa cikin yashi. Rana ta yi sama sosai kafin mu ga rufin kwanon Dabai.

Gidan ba wuyar samu, ga mutane a ƙofa an gama raɗin suna. Na keta maza ko gaisuwa ban tsaya yi ba. Laraba na zaune bakin gado, hannunta ba kowa. Na ce, "Ina yaron?" Ta ce kakarsa Mama Saratu, uwar Malam Yakubu, ta tafi da shi asibiti tare da uban, tun ɗazu. Ban ko sauke buhun ba na juya.

Asibitin ɗan ƙarami ne, ɗaki uku da baranda. A barandar ga mata a jere kan benci sun fi goma, kowace da jariri, wasu da lulluɓi wasu da ɗankwali, suna hira ana ba da nono, kamar masu jiran niƙa. Na bi fuskoki ban ga wadda na sani ba, don sau ɗaya na taɓa ganin Mama Saratu, ranar ɗaurin aure. Sunan yaron ma ban sani ba. Sai wata ma'aikaciya ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Masu Nasiru, an shirya."

Jama'a, shekara ashirin ban ji an kira sunan nan a gabana ba. Ashe Laraba ce ta roƙi mijinta a mayar da sunan ƙanenta. Na ga wata doguwar tsohuwa ta miƙe daga ƙarshen benci da jariri, Malam Yakubu na bayanta. Na bi su har cikin ɗakin.

Mai aikin mace ce, wata dattijuwa da suke ce wa Sista, ta sa safar hannu, ga kayan aiki a faranti, ga wani ɗan zobe na roba. Ni ban taɓa jin mace na kaciya ba, amma ba lokacin mamaki ba ne. Na ce, "Kada ki taɓa shi."

Malam Yakubu ya durƙusa yana cewa, "Inna, sannu da zuwa, yaushe..." Mama Saratu ta ɓata rai, ta ɗauka irin namu na zo in ce a yi, ta ce, "Maman Laraba, nan ba a jira yaro ya yi wayo. Dukan 'ya'yana a nan aka yi musu." Sista ta dube ni, ga laka har gwiwa, ga buhu a baya, ta ce, "Mama, me ya sa?"

Ga surukina a gabana, wanda ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Ga uwarsa. Ga ƙofa a buɗe, matan baranda sun kasa kunne. Na ji muryar mahaifiyata a kunnena. Sai yaron ya motsa ƙafa cikin zane, na ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na faɗa duka, da kawuna, da wana, da ɗana, da kwana ukun da na yi ina canza tsumma.

Na zaci za a yi salati. Sista ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Duk ta wajen uwa?" Na ce duk. Ta ce, "Mata ba sa yi?" Na ce ba sa yi. Ta tambayi Mama Saratu ko ta ga wani abu a jikin yaron. Tsohuwar ta ce wurin da aka yi masa allurar rigakafi a cinya ya kumbura ya yi baƙi, kwana biyar bai saɓe ba, ta ɗauka hannun mai allura ne. Sista ta buɗe ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta cire safar hannunta ta ture farantin.

Ta ce ciwo ne sananne, yana da suna a littafinsu, ba maita ba ne, ba kuma aikin wani ba ne. Ta ce ita kullum tana tambaya ko akwai mai zubar jini a dangi, kullum a ce mata babu, yau ma an ce mata babu. Malam Yakubu ya sunkuyar da kai, ya ce shi iyakar saninsa ke nan. Sista ta rubuta takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato a auna jinin yaron, ta ce kada wanzami ya cire masa belu, kada a yi masa tsaga, ko ƙaho kada a bari ya gani. Da za mu fita ta ce mini, "Da kin makara da rabin awa, ni ba ni da abin tsayar da jinin a nan."

Muka kama hanyar gida. Ni na riga na gama lissafi, na ce sakin ɗiyata zan koma da shi Jega. Laraba ta ga an dawo da yaro ba a yi ba, mijinta ya gaya mata a gabana. Ta dube ni ta ce, "Inna, ashe Nasiru ba zazzaɓi ba ne?" Na ce ba shi ba ne. Ta ce, "Ni na riƙa wanke tsumman, Inna. Ina shekara tara. Na daɗe da sanin zazzaɓi ba ya jini." Muka yi kuka mu biyu, irin wanda ba mu yi ba wancan lokacin.

Mama Saratu na tsaye bakin ƙofa tana kallonmu. Can ta zo ta kwance buhun daga bayana da hannunta, don har lokacin yana nan. Ta buɗe, ta ga sukari da madara da ganye, ta ce wannan fa? Na gaya mata yadda na karanta takarda. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta share ido ta ce, "Mijina noman shekara bakwai ya yi wa ubana kafin a ba shi ni, golmo muke ce masa. Mu ba mu san a wahala a kan mace a sake ta don ciwo ba. Yaron namu ne, jininsa namu ne." Ta ɗaga murya ta ce wa matan gida su ɗora babbar tukunya. "An ce wa mutane yau za a yi shayi a gidan nan, to za a yi."

Haka aka yi. Da masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, kowa da kofinsa, har liman ya ce a ƙara masa. Shi ne kaɗai shayin da aka yi a gidan ran nan.

Sauran kun ji ƙishin-ƙishin, kun ga na wuce Sakkwato ban ce muku me ya kai ni ba. An auna, ciwon ne. Likita ya ce za a yi masa kaciya in ya ƙara girma, a can wurinsu, da maganin tsayar da jini a ajiye kusa. Yaron yana nan ya yi ɓul-ɓul, goshin mai sunansa ya ɗauko.

Shekara ashirin na yi zuru, sai da na je Zuru bakina ya buɗe. Ɗiyata ta biyu na gaya mata, 'ya'yan ƙanwata na aika musu. Saura ke, Hajiya Kulu. Ɗanki Bello ya turo a nema masa autata, kun ce bayan Sallah za ku kawo kaya. To kin ji da kunnenki, a gaban shaidu. Likita ya ce mai yiwuwa tana ɗauke da shi, mai yiwuwa ba ta ɗauke, kuma ana iya aunawa. In kun fasa, wallahi ba zan riƙe ki a rai ba, gobe ma tabarma ɗaya za mu zauna. In kuma kuna so, ku zo da saninku. Ni dai na gama wanke tsumma a ɓoye.